Karyayyen Ƙarfen da Na Kai Kano

Tun da na dawo daga Kano kun hana ni sakat. Wanda na gamu da shi a kasuwar Konni sai ya ja ni gefe, na Malbaza kuwa da muka yi aikin siminti tare har saƙo suke aikowa ta bakin direbobin kamyo, manyan motocin kaya: Arzika, yaya ka ƙare da mutanen tarakta? Na gaji da cewa sai godiya. Ga shi nan na rubuta, ku karanta ku miƙa wa juna. Abin da ya hana ni zama a majalisa in faɗa da baki shi ne Yaya Nomau yana zama a wurin, kuma akwai abin da ba na so ya shiga kunnensa. Shi ba ya karatun boko. Duk wanda ya karanta masa, Allah ya isa tsakanina da shi.

Ga wanda bai san mafarin ba: da kamfanin siminti ya rage ma'aikata ina cikin waɗanda aka sallama, aka ba ni ɗan abin da aka ba ni. Lokacin naira ta faɗi, sefarmu tana da ƙarfi, kowa yana tsallaka iyaka yana kwasar kaya. Wani Alhaji Garba, wakilin wani kamfanin tarakta a Sakkwato, ya riƙa zuwa Konni yana zuga mutane. Ya zo har garinmu can wajen Bazaga, muka yanka masa rago, ya ci ya suɗe hannu, ya ce daga yau shi ɗan gida ne, ko ƙusa ce ta kwance a jikin taraktar mu aika, kafin mu rufe baki ya iso. Kuɗina ba su kai ba, sai Yaya Nomau, wana uwa ɗaya uba ɗaya, ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu ya cika mini. Da su yake noma fadamar gidanmu, wadda lakarta ba ta jin hauya, kuma dawar wannan fadama ce ke riƙe gidan duk shekarar da gero ya ƙi.

Muka sayo taraktar, damina ɗaya ta yi mana lafiya lau. Da bazara ta zagayo, muna jan taki zuwa fadama, sai muka ji wata ƙara daga cikin injin kamar an fasa tulu, ta tsaya cik. Garantinta na shekara guda ne, kuma ya ƙare da ƴan watanni. Na aika wa Alhaji Garba. Mutumin da ya ce kafin mu rufe baki ya iso, amsa ya aiko ta bakin wani mai kai albasa: garanti ya ƙare, amma mu zo a gani, kamfani yakan taimaka wani lokaci. Muka kira Isuhu makaniki daga Malbaza ya kwance injin, ya zaro ƙarfen nan mai gwiwoyi da ke juya komai na ciki, wanda suke ce wa karanshaf. Ya karye gida biyu.

Yaya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Arzika, ba ka tahiya hannu rabbana. In ka ba Bahillace kiwo, saniya tam mutu can daji, mi shika kawo ma? Hwata, da kunnen da ad da shaida. Shi ke nan, babu gardama, babu rantsuwa. Kai ma ɗauki shaidakka ka kai musu."

Na tafi Konni canjin kuɗi da neman takardar tsallaka iyaka. Da na dawo na tarar da Yaya a gindin bedi, wato darbejiya, ya baje toka da rairayi da kananzir, ya wanke ɓari biyun nan na ƙarfen har suna ɗaukar ido. Ga kuma dutsen wasa wuƙa a gefensa, ya bi bakin karayar ya goge shi sumul.

"Ba a kai ma manya ƙazamta," in ji shi. "Kuma bakin ga nashi na da kaihi. Kar shi yanke hannun wani babba a ce ba mu da tarbiyya. Na gyara su duka biyu, zaɓi wanda kaka iya ɗauka."

Fatar yatsunsa duk ta saɓule. Ya sayo sabon farin yadi ya naɗe ƙaramin ɓarin da kansa. Ni ma a ranar na ga abin ya yi kyau, Isuhu ma ya yaba.

Amalanken jaki ya kai ni bakin kwalta, daga nan sai Konni, sai iyaka. Ɗan duwan namu, wato ma'aikacin kwastan, Bazabarme ne, ya kwance yadin ya duba, ya tambaye ni da Faransanci ko lafiyata ƙalau, ya ce in wuce. Na Illela ta Najeriya kuwa da ya ga ƙarfe yana sheƙi sai idonsa ya buɗe. Ya ce wannan sabon kayan inji ne nake shigowa da shi, sai na biya haraji. Na ce masa, "Ranka shi daɗe, naku na, daga nan yah hito, gida za shi koma." Ya ce shi bai san wannan ba. Muka yi ta ja har rana ta take, na ga dai tsayuwar ba za ta fisshe ni ba, na ba shi na goro.

A tashar Illela direban fijo ya ɗaga ƙunshin ya ji nauyi, ya ce in dai a but za a sa shi sai na biya masa kuɗin mutum guda. Na ce ai kuwa a cinyata zai zauna. Haka na rungume shi kamar jinjiri. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta yi ta satar kallona, can ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Allah shi jiƙan shi, Malam. Ɗanka na? Gida kaka kai shi?" Na buɗe mata gefe ɗaya ta gani. Motar nan duka aka tuntsire da dariya, har direba ya kusa barin hanya. Ni ma na yi dariyar, amma ba ta kai ciki ba. Kafin mu kai Sakkwato ƙafafuna sun mutu, sai da aka kama ni na sauka.

Alhaji Garba na shagonsa, yana kan kujera mai juyawa, fanka na kaɗa masa babbar riga. Na yi sallama ya amsa bai ɗago ba. Na ce Arzika ne. Ya ce, "Wane Arzika?" Mutumin da ya ci hantar ragona ya nemi ƙari! Sai da na ambaci tarakta da garinmu ya ce af, ai bai gane ni ba don na rame. Na kwance yadin a gabansa. Ku riƙe wannan, don sai daga baya na gane ma'anarsa: ya sa babban yatsa ya shafi bakin karayar, ya dube ni, sannan ya ce, "Ma sha Allahu, kun gyara shi." Ya ce shi wakili ne kawai, maganar taimako sai babban ofishi a Kano, in tafi in ce shi ya turo ni. Ko ruwa bai sa an kawo mini ba. A masallacin tasha na kwana, ƙarfen ne matashin kaina.

Hanyar Kano doguwa ce, ta Gusau da Funtuwa, kuma ba abin da ke kanta da yawa kamar shingen ƴan sanda. Mu a nan jandarma in ya tare ka takarda yake nema, ya juya ta gaba da baya, ya shanya ka a rana, ya yi maka wa'azi da Faransanci, daga ƙarshe dai ka ba shi abin da za ka ba shi. Su can ba sa ɓata wa kowa lokaci. Direba ba ya ma tsayawa sosai, hannu kawai yake fiddawa ta taga, wani hannun ya karɓe, a wuce. Ban san wanne ya fi ba, na dai ga nasu ya fi sauri. A Gusau aka tsaya cin abinci. Na nemi fura, aka dama mini wata ƴar mitsitsiya da nono tsararo, aka zuba mata sukari ba a tambaye ni ba. Na bar ta na sayi shinkafa, ita kuma manja da barkono sun yi mata yawa, cikina ya yi ta juyawa har Kano, ga ƙarfe a kansa.

A Kano na sauka wurin Illo, mutumin Alela, wanda ya daɗe can yana gadin wani sito a unguwar masana'antu. Ɗakinsa bai fi rumbu ba, amma ya share mini tabarmarsa shi ya koma kan buhuna. Shi kaɗai ne a garin nan ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida da gajiya da dabbobi da mutanen gari ɗaya bayan ɗaya. Kanawa gaisuwarsu a tafe suke yinta, kana cikin amsa lafiya mutum ya riga ya sha kwana. In kuma ka buɗe baki suka ji "mi" da "munka", sai su yi ta maimaitawa suna dariya, suna kiranka ɗan Faransa. Shayinsu ma ba irin namu ba ne na ƙananan kofuna da ake zama a yi hira a kai. Babbar moɗa ake cika maka da madara, a haɗa da burodi, ka shanye a tsaye ka ba wani wuri. Gurasarsu ce kawai zan yaba, ita kam na ci na ƙara.

Da Illo ya ji abin da ya kawo ni, sai ya girgiza kai ya ce, "Mutanen ga ba su cewa a'a, Arzika. Gobe suka cewa. Ka yi guzurin haƙuri."

Gaskiyarsa. Ofishin kamfanin yana da babban fili, sababbin taraktoci jere a ciki an wanke su. Na saba da buro namu, wato ofis, inda akawu zai daka maka tsawa ya kore ka, ka san matsayinka ka koma gida. Can kuwa wata yarinya ce a bakin tebur, kullum da murmushi, kullum "ba damuwa, Baba, zauna". Manaja ya fita. Manaja yana mitin. Manaja ya tafi Kaduna, sai gobe. Na yi ta zarya ina rungume da ƙunshina har masu gadin ƙofa suka sa mini suna Mai Jariri. A cikin kwanakin nan aka yi ruwan farko a Kano. Mutane suna murna, ni kuwa ina tsaye a ƙarƙashin rumfar kwano gabana yana faɗuwa, don na san in ya sauka a Kano ba ya daɗewa ya iso wurinmu, kuma fadamarmu in ba a huɗe ta da ruwan farko ba, laka ta riƙe, an yi asarar shekara.

Wanda ya ji tausayina daga ƙarshe wani Injiniya Dauda ne, shugaban makanikansu, matashi mai hankali. Ya gan ni a kan benci ya ce in biyo shi gareji. Da na faɗa masa irin taraktar da shekarar da muka saye ta, sai fuskarsa ta saki, ya ce, "In dai abin da nake zato ne, Malam Arzika, ba ka yi tafiyar banza ba." Wallahi a lokacin har na fara tunanin yadda zan ba Yaya labari.

Na ɗora ƙunshin a kan teburinsa na kwance. Ya sunkuya, ya kunna fitila, ya juya ƙarfen. Sai na ga murmushin ya ɗauke.

"Wa ya taɓa nan wurin?"

Na ce, "Wana na yag goge shi. Don ladabi, kar shi yanki wani."

Ya zauna a kan kujera ya dafe kai. Sannan ya yi mini bayani a hankali, kamar mai gaya wa mutum rasuwa. Ya ce ƙarfe in ya karye, bakin karayar yana nuna abin da ya karya shi. In mai shi ne ya bar shi ba baƙin mai, ana gani. In kuwa tun daga maƙera aka zubo shi da rami a ciki, shi ma ana gani. Taraktocin da aka shigo da su tare da tamu da yawa sun karye a daidai wannan gwiwar, kuma masu ƙera su sun san laifinsu ne. Shi yakan ɗauki hoton bakin ya aika Turai, in sun ga ramin sai su aiko da sabon ƙarfe kyauta ko da garanti ya wuce, mai tarakta kuɗin aiki kawai zai biya.

"Amma wannan me zan ɗauka hoto? An goge komai." Sai kuma ya ɗago da sauri. "Ɗaya ɓarin fa? Yana gida? In shi ba a taɓa ba, ya isa."

Na tuna Yaya a gindin bedi, da yatsunsa, yana cewa in zaɓi wanda nake iya ɗauka. Na ce, "Duka biyu anka gyara."

Sai na tambaye shi don me ba wanda ya gaya mana. Ya ce an sanar da duk wakilai tun bara, cewa in irin wannan ta karye kar a bari kowa ya buɗe, a kira su su zo da kansu. Na ce Alhaji Garba ce mana ya yi mu zo a gani. Ya dubi ƙofa, ya rage murya ya ce, "Kuɗin motar da za ta kai ni garinku daga aljihun wakili yake fita." Nan na gane komai. Saboda kuɗin man mota ke nan, wanda bai kai rabin ragon da ya ci ba.

Injiniya Dauda ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya shigar da ni wurin manajan da kansa. Bature ne, ɗakinsa da sanyi kamar randa. Dauda yana fassara. Na ce ban zo da rigima ba, na san garanti ya ƙare, taimako na zo nema, a raba nauyin da mu ko yaya ne, tun da su da kansu sun san irin wannan ƙarfen yana da ciwo. Na gaya masa maganar shanun Yaya, da fadama, da ruwan da ke tafe. Ya saurara yana gyaɗa kai, ya ce ya ji tausayi ƙwarai, amma ba shaida, kuma wanda ba nasu ba ya buɗe injin. Raina ya ɓaci na ce, "Shaida ta kawo ni tun daga Konni a rungume. In da rami cikin na wasu, nawa ɗan wace uwa na?" Ban san yadda Dauda ya juya masa ita ba, na dai ga ya yi murmushi. Ya ce zai yi mini ɗan ragi in zan sayi sabo. Aka faɗi kuɗin bayan ragin, na ga ko shanun Yaya sun dawo an sake sayar da su ba za su biya ba. Da zan fita ya sa aka ba ni hular kamfani da kalanda mai hoton tarakta.

Ban yi kuka a gabansu ba. A ɗakin Illo na yi, shi kuma ya fita ya ba ni wuri.

A dawowa na tsaya Sakkwato. Motar Alhaji Garba tana ƙofar shago, takalmansa suna bakin ɗakin ciki, aka ce mini ya yi tafiya. Na zauna har la'asar, tafiyar ba ta ƙare ba. A Illela kuma na sake faɗa wa mutumin nan na kwastan, wannan karon ya ce fita da kayan inji daga ƙasa sai da izini. Na ɗora masa ƙarfen a kan tebur na ce na bar masa, ya kai wa iyali. Ya ce in kwashe tsiyata in ba shi wuri. Wannan ce kaɗai nasarar da na ci a tafiyar.

Na tarar an yi ruwa a garinmu tun ina hanya. Taraktar tana inda muka bar ta, kaji sun samu inuwa. Aka ce Yaya yana fadama, na bi shi can da ƙunshina. Na hango shi shi da matan gidan da ƴaƴansa, kowa da hauya, suna saran laka. Abin da suka taɓa tun safe bai fi shimfiɗar tabarma biyar ba, fadamar kuwa kun san girmanta. Ya miƙe da ƙyar yana dafe da ƙugu, ya yi mini sannu da zuwa, ya tambayi hanya da gajiya, bai yi gaggawa ba. Sannan ya ce, "Sun ga shaidar?"

"Sun gani, Yaya."

"Mi sunka ce?"

Na ce, "Sun ce lokaci ya wuce. Garanti ya ƙare, babu abin da suka iyawa."

Ya gyaɗa kai ya ce haka Allah ya so. Bai ambaci shanunsa ba, har yau kuma bai ambata ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na ba shi hular, ya sa ta a kan tasa saboda rana. Bana kashi ɗaya cikin kashi da yawa na fadamar aka shuka, sauran ciyawa ta cinye, kun gani da idonku.

Ƙarfen kuwa ya karɓa ya kai gida. Ya haƙa rami a turken da shanun suke tsayawa a da, ya kafa shi, ya ɗaure akuyar matarsa a jiki. Ranar da yake kafawa ina tsaye a kansa, ya shafi bakin nan da ya goge, ya dube ni yana jin daɗi.

"Ko ba su biya ba, Arzika," in ji shi, "ba su cewa mun kai musu ƙazamta."

Na ce haka ne, Yaya.